Wakilin Sarauniya a Legas, Kumandan a Maraɗi: Abin da Madarunfa ta gani

A cikin tsohuwar adakar kakata, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa sai da salla, akwai wani ƙullin tsumma mai ɗauke da tsabar kuɗin da suka daina ci tun kafin a haife ni. Ɗaya daga cikinsu fataka ce, wato sule biyu, ta shekarar 1959. A gefe guda an zana gyaɗa, a ɗaya gefen kuma kan wata mace sanye da kambi. Kakana ne ya zo da ita daga Jibiya, a zamanin da mutanen Madarunfa da Ɗan Isa da Gabi ke tsallaka iyaka da buhunan gyaɗa a kan jakuna, su dawo da kuɗin Ingilishi da atamfa da goro. Ina yaro na tambayi kakata wace ce wannan mata. Ta ce Sarauniyar Ingila ce, ita ke da ƙasar can. Na ce, to a Katsina take zaune? Ta ce, "A'a, wakili gare ta."

Kalmar wakili ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Duk wanda ya taɓa zama a wurin ɗaurin aure ya ga yadda ake yi: ango na can gefe ya yi shiru, wakilinsa ne ke nema, waliyyin amarya ke bayarwa, maroƙi ya shelanta. Bakin wakili bakin ango ne, amma ba shi da ikon ƙara ko sisi a kan sadakin da aka yi magana da shi, ba shi da ikon canja amarya. Yana da girma a wannan zama, girman kuma na aro ne. Wakilin sarki ma haka yake, sai dai abin da ke hannunsa ya fi sadaki nauyi: haraji, shari'a, takobi, da sunan mai ƙasa.

Na zaɓi in dubi wannan al'amari daga Madarunfa domin ba kowane gari ne ya ga abin da ta gani ba. Garin na kudu da Maraɗi, a bakin tafkin da ya yi suna da kaburburan waliyyai 99, kuma tazarar da ke tsakaninsa da ƙasar Katsina ba ta fi ta cin kasuwa a dawo ba. Gulbin Maraɗi ma daga wajen Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya, ya shigo Nijar ya wuce Maraɗi da Tibiri, sannan ya koma Najeriya. Mutane iri ɗaya, harshe ɗaya, auratayya ɗaya. Amma tun da Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi suna kafa duwatsun iyaka tsakanin 1906 da 1908, sai aka wayi gari mutumin Madarunfa yana amsa wa wakilin wata jamhuriya da ke Paris, ɗan uwansa na Jibiya yana amsa wa wakilin wani sarki da ke Landan.

Kafin zuwan Turawa

Mulki ta hanyar wakili ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. A ƙasar Hausa hakimai da yawa a birni suke zaune, kusa da fada, garuruwan da ke ƙarƙashinsu kuwa jakadu ake tura musu. Jakada ne ke kai saƙon hakimi, shi ke tattaro haraji, shi ke dawowa da labarin wanda ya yi biyayya da wanda ya yi taurin kai. Talakan ƙauye yakan yi shekara bai ga fuskar hakiminsa ba, balle ta sarki. Fuskar jakada ita ce fuskar mulki a wurinsa. A daular Sakkwato kuma akwai tsarin ƙofa: kowace masarauta tana da babban bafade a Sakkwato wanda ta hannunsa take isa ga Sarkin Musulmi. Waziri ne ƙofar Kano da Zazzau, Galadima kuma ƙofar Katsina.

Maraɗi ba ta cikin wannan daula, ita ma da nata tsari. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina wajen 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarautarsu a Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. A fadar akwai manya huɗu da ke da hannu a zaɓen sarki: Galadima, Ƙaura, 'Yandaka da Durɓi. Sarki ba ya yin gaban kansa ba tare da su ba. A zamanin Ɗan Baskore, wanda ya yi sarauta daga wajen 1854 zuwa 1875, wannan tsari ya tsaya da ƙafafunsa. Amma a ƙarshen ƙarnin, Ƙaura Hasau, mai riƙe da rundunar yaƙi a madadin sarki, ya yi ƙarfin da sai wanda ya so ke zama a kan gado, har Sarki Mijinyawa ya bar Maraɗi ya koma Tasawa. Ƙasar nan ta san tun da daɗewa cewa mai riƙon amana yana iya haɗiye mai amanar.

Abin da ya kamata a lura da shi game da jakada shi ne inda kunnensa yake fuskanta. Sama yake saurare. In ya zalunci ƙauye, muddin harajin ya isa birni cif, ba mai tambayarsa. Shi ya sa tsofaffi ba su cika tuna jakadu da alheri ba.

Gwamna da Kumandan

Turawa da suka zo ba su sauya wannan ba, ƙara masa tsawo suka yi. A ranar 1 ga Janairu 1900 Frederick Lugard ya ɗaga tutar Ingila a Lokoja a matsayin Babban Kwamishinan Arewa. A 1903 sojojinsa suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a watan Maris, Katsina ta miƙa wuya ba yaƙi. Daga nan kowane sarki sai ya karɓi takardar naɗi da sanda daga hannun Bature, ya rantse da Alƙur'ani cewa zai bi Sarkin Ingila da wakilinsa. A Katsina an tuɓe Sarki Abubakar a 1904, aka tuɓe Yero a 1906, Razdan Palmer ya tsaya aka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta har 1944. A waccan shekarar ta 1906 Faransawa su ma suka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa suka kai shi gudun hijira. Tuta daban, hali ɗaya.

Da aka haɗe Arewa da Kudu a 1914, Lugard ya ɗauki laƙabin Gwamna Janar. Amma kada sunan ya ruɗe mu. Wannan Gwamna Janar shi ke yin doka, shi ke zartar da ita, shi ke da soja, kuma ministan ƙasashen mallaka da ke Landan kaɗai yake ba bahasi. A ƙarƙashinsa akwai Razdan, akwai Di'o, waɗanda talaka ke zubewa yana ce musu "Zaki!" A ɓangarenmu kuwa Gwamna Janar na Faransa yana Dakar, gwamnan Nijar yana Damagaram har aka mayar da babban birni Yamai a 1926, sai kumandan da ke zaune da farko a Tasawa, daga baya a Maraɗi. Kumandan na iya ɗaure mutum ko ya ci shi tara ba tare da alƙali ba, yana iya ɗibar majiya ƙarfi a kai su aikin dole, har sai da aka soke waɗannan dokoki a 1946. Sarkin kanto ya zama mai tattara masa haraji da mutane. Duk wanda ya zauna da dattawan ƙauyukan Safo ko Jiratawa ya ji yadda iyalai suka riƙa tsallakawa kudu da dare don gudun wannan wahala.

Har zuwa nan, babu abin da ya raba wakilin Sarkin Ingila da wakilin Jamhuriyar Faransa sai harshe da salon hula. Bambancin ya samo asali ne daga wani wuri mai nisa da Gulbin Maraɗi.

Ranar da wakili ya sa hannu a kan abin da bai so ba

A Kanada ne abin ya faro. A 1849 majalisar ƙasar ta zartar da doka ta biyan diyya ga waɗanda suka yi asarar dukiya a tawayen 1837 da 1838. Masu tsananin biyayya ga Ingila suka ce wannan sakayya ce ga 'yan tawaye, suka roƙi Gwamna Janar, Lord Elgin, da ya ƙi sa hannu. Shi kansa yana da shakku a kan dokar. Amma ministocin da suka kawo ta suna da rinjaye a majalisar da jama'a suka zaɓa, don haka a ranar 25 ga Afrilu ya sa hannu. Masu zanga-zanga suka jefi keken dokinsa da ƙwai, a daren kuma suka ƙone ginin majalisar da ke Montreal. Bai janye ba.

A ganina wannan rana ce ta haifi muƙamin Gwamna Janar na tsarin mulki. Wakilin da aka turo daga sama ya juya kunnensa ƙasa. Sunan da yake ɗauke da shi na Sarauniya ne, shawarar da yake bi ta zaɓaɓɓun mutanen ƙasa ce. Sauran abin da ya biyo baya ƙarasawa ce. A 1926 rikici ya tashi tsakanin Firayim Ministan Kanada Mackenzie King da Gwamna Janar Lord Byng, wanda ya ƙi rusa majalisa kamar yadda aka nema. Taron ƙasashen daular Ingila na wannan shekara ya yanke cewa Gwamna Janar wakilin sarki ne kawai, ba ɗan aiken gwamnatin Landan ba, matsayinsa a ƙasar da yake daidai yake da matsayin sarki a Ingila. A 1930 aka amince cewa gwamnatin ƙasar ce za ta ba sarki sunan wanda zai naɗa, shi ya sa a 1931 Ostireliya ta sami ɗan ƙasa na farko a kujerar, Sir Isaac Isaacs.

To mene ne aikinsa, in ba ya mulki? Shi ke kiran wanda ke da rinjaye a majalisa ya kafa gwamnati. Shi ke rantsar da ministoci, ya buɗe zaman majalisa ya karanta jawabin da gwamnati ta rubuta masa, ya sa hannu kafin ƙudiri ya zama doka, ya rusa majalisa a tafi zaɓe in Firayim Minista ya nema. Shi ake kira babban kwamandan sojoji. Kusan duk wannan bisa shawarar ministoci yake yi. Sai wani ɗan iko da aka ajiye masa a gefe, kamar ruwan da matafiyi ke ɓoyewa a gora, na ranar da al'amura suka cakuɗe: ranar da babu wanda ke da rinjaye bayyananne, ko ranar da shugaban gwamnati ya rasa goyon baya ya ƙi sauka. Hikimar abin ita ce a raba girma da iko. Mai iko, wato ɗan siyasa, dole ya je gaban wani ya nemi sa hannu. Mai girma kuma ba shi da jam'iyya, ba shi da baitulmali.

Shekaru uku na sarautar Najeriya

Matasa da yawa a ɓangarorin iyakar nan biyu ba su san cewa Najeriya mai 'yanci ta fara ne a matsayin masarauta ba. Daga 1 ga Oktoba 1960 zuwa 1 ga Oktoba 1963, Elizabeth ta Biyu ita ce Sarauniyar Najeriya a bisa kundin tsarin mulki. Ta zo ƙasar a 1956, aka yi mata hawan daba a Kaduna wanda har yau ake labarinsa, ba ta sake dawowa ba sai 2003. Wato a duk shekaru ukun da take riƙe da wannan laƙabi ƙafarta ba ta taka ƙasar ba. Ko ranar bikin 'yancin kai, Gimbiya Alexandra, 'yar ƙanin mahaifinta, ita ta miƙa wa Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa takardun a Legas. Kakata ta yi gaskiya: wakili gare ta.

Wakilin farko shi ne Sir James Robertson, tsohon ma'aikacin mulkin Sudan, wanda ya kama kujerar tun 1955. A kansa aka ga sauyin da idon kowa: ya zo yana shugabantar majalisar ministoci, ya tafi yana sa hannu a kan abin da suka yanke. A ranar 16 ga Nuwamba 1960 Dakta Nnamdi Azikiwe ya gaje shi. An haifi Azikiwe a Zungeru a 1904, a garin da Lugard ya yi hedikwata, kuma da Hausa ya tashi yana yaro. Ɗan da aka haifa a inuwar gidan Gwamna ya zo ya zauna a kujerar Gwamna, amma kujerar ta riga ta sauya. Bayan zaɓen Disamba 1959, jam'iyyar NPC ta Sardauna da NCNC ta Azikiwe suka yi ƙawance: Tafawa Ɓalewa ya riƙe gwamnati, Azikiwe ya karɓi girma. Mutum ne ɗan gwagwarmaya, mai jarida, mai baki, aka ce ya zauna ya zama uban kowa. Ba ƙaramin haƙuri wannan ke nema ba.

Kowace jiha a lokacin ita ma tana da nata Gwamna mai wakiltar Sarauniya. A Arewa, wadda ta sami mulkin kai ranar 15 ga Maris 1959, ranar da Sakkwato ta cika shekara 56 da faɗawa hannun Turawa, Sir Gawain Bell ya ci gaba da zama a Kaduna har 1962. Sannan Sir Kashim Ibrahim, Wazirin Barno, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina kuma tsohon malamin makaranta, ya zama ɗan Arewa na farko a kujerar. Iko kuwa yana hannun Firimiya, Sardauna Sir Ahmadu Bello. Ga wanda ya girma yana ganin Gwamna na tuɓe sarki da alƙalami ɗaya, wannan sabon abu ne: Gwamna da tuta da fareti, amma ba ya motsi sai da shawarar zaɓaɓɓe.

Ba zan ce tsarin ba shi da aibi ba. A watan Maris 1963, bayan binciken da aka sa D. J. M. Muffett ya yi a kan kuɗin En'e ta Kano, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya miƙa takardar murabus ga Gwamna Kashim Ibrahim, aka kai shi Azare. Kowa ya san cewa shawarar daga gwamnatin Firimiya ta fito. Gwamna ya karɓa, don haka doka ta ce ya yi. Wakilin da ke bin shawara yana kare jama'a daga son ran wakili, amma ba ya kare kowa daga son ran mai rinjaye. Ikon tuɓe sarki da ba da sanda bai mutu ba, hannu ya sauya, daga Bature zuwa ɗan siyasa, kuma abin da ya faru a Kano a 2020 da 2024 ya nuna yana nan da ransa.

In wakili ya motsa

A Ibadan aka gwada wancan ruwan na gora. A watan Mayu 1962 jam'iyyar Action Group ta rabe tsakanin Cif Awolowo da Firimiyan Yamma, Cif Akintola. 'Yan majalisa 66 suka sa hannu a takarda cewa sun janye goyon bayansu ga Firimiya. Gwamnan Yamma, Sir Adesoji Aderemi, wanda kuma shi ne Ooni na Ife, ya dogara da wannan takarda ya sauke Akintola, ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro. Akintola ya ce ba a kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa ba, ya garzaya kotu. Da majalisa ta zauna aka ba hamata iska, kujeru suka yi ta tashi. Gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a ƙarshen watan, ta dakatar da Gwamna da Firimiya duka, ta naɗa Dakta Majekodunmi kantoma.

Kotun Ƙoli ta Tarayya ta ba Akintola gaskiya. Aka ɗaukaka ƙara zuwa kotun majalisar Sarauniya da ke Landan, wadda a lokacin ita ce ta ƙarshe, a 1963 ta ce Gwamna bai karya doka ba. Amma kafin nan Akintola ya riga ya koma kujerarsa, majalisar Yamma kuma ta gyara kundinta ta mayar da gyaran baya, hukuncin Landan ya zama aikin banza. A watan Oktoba na shekarar Najeriya ta zama jamhuriya, aka rufe ƙofar kai ƙara Landan, Azikiwe ya koma Shugaban Ƙasa da kusan irin ikon da yake da shi a da. Rikicin Yamma kuwa bai kwanta ba har juyin mulkin Janairu 1966, wanda ya ci rayukan Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Akintola, ya kuma kawo ƙarshen zaman Kashim Ibrahim a gidan Gwamna.

A Saliyo abin ya fi saurin lalacewa. Bayan zaɓen Maris 1967, Gwamna Janar Sir Henry Lightfoot Boston ya rantsar da Siaka Stevens a matsayin Firayim Minista. A ranar nan Birgediya David Lansana ya tura soja suka tsare su duka biyun. A Ostireliya kuma, ranar 11 ga Nuwamba 1975, Gwamna Janar Sir John Kerr ya kori Firayim Minista Gough Whitlam bayan majalisar dattawa ta toshe kuɗin gudanar da gwamnati, ya ɗora Malcolm Fraser na 'yan adawa. Fraser ya ci zaɓen da ya biyo baya, amma Kerr bai ƙara samun kwanciyar hankali a bainar jama'a ba, ya sauka a 1977. Wasiƙun da aka fitar a 2020 sun nuna bai sanar da Sarauniya ba kafin ya yi korar. Wanda ake cewa wakili ya yanke mafi girman hukuncin rayuwarsa ba tare da ya tuntuɓi wadda yake wakilta ba, domin a tsarin nasu nauyin a kansa yake.

Waɗannan labarai uku sun nuna mini cewa takarda kaɗai ba ta riƙe irin wannan muƙami. Sai 'yan siyasa sun yarda a kayar da su, sai soja ya yarda ya zauna a bariki, sai shi wakilin ya kasance mutumin da kowane ɓangare zai amince ya raba musu faɗa. Inda babu wannan, alƙalaminsa ba ya tsayar da bindiga. Ghana ta ajiye tsarin a 1960, Gambiya a 1970, Saliyo a 1971, Barbados a 2021. Ƙasashe 14 ban da Ingila, cikinsu har da Kanada da Ostireliya da Jamaika, suna da Gwamna Janar mai wakiltar Sarki Charles na Uku.

A wannan gefen duwatsun iyaka

Nijar ba ta bi wannan hanya ba ko kaɗan. Dokar da Faransa ta yi a 1956 ta ba ƙasar majalisar gwamnati a 1957, amma Gwamnan Bature ne shugabanta, Djibo Bakary na jam'iyyar Sawaba mataimakinsa. Da Janar de Gaulle ya kira ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Bakary ya ce a jefa "a'a" a karɓi 'yanci nan take. Paris ta turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, wanda ya shiga fagen da ƙarfin gwamnati, sarakuna da yawa suka bi bayan "i". "I" ta yi nasara, Bakary ya sauka, aka kafa jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958 da Diori Hamani a gaba, aka haramta Sawaba a 1959, 'yanci ya zo ranar 3 ga Agusta 1960. A daidai lokacin da Gwamnan Kaduna ke koyon ja da baya, Gwamnan Yamai yana tsakiyar kokawa ya ɗaure wa ɗan wasa guda gindi.

Ban kawo wannan don in wanke Ingila ba. Mulkin mallaka mulkin mallaka ne, kuma wanda aka ci Kano da Sakkwato da sunansa sarki ne mai kambi. Ban kuma ce da Nijar ta nemo sarauniya daga wata ƙasa ba. Babu mai hankalin da zai so wannan. Abin da nake cewa shi ne, mun gaji kujerar kumandan yadda take, muka canja mata suna. Gwamnan jiha da shugaban gunduma daga Yamai ake naɗo su, can suke ba da bahasi. Sarakunanmu kuma, tun daga Sarkin Katsinan Maraɗi da Sarkin Gobir na Tibiri, waɗanda aka ɗaga darajarsu zuwa sultan a 2010, har zuwa sarkin kanto da mai gari, dokar 2015 ta sanya su cikin tsarin hukuma. Su ke sasanta rikicin gona da na makiyaya da manoma, su ke taimakawa wajen tattara haraji, su ke isar da umarni. Suna tsaye a tsakiya: a wurin gwamnati su bakin talaka ne, a wurin talaka su bakin gwamnati ne.

Wannan tsakiyar tana da zafi a yau. Ƙauyukan Gabi da Ɗan Isa da Safo, musamman na kusa da dajin Baban Rafi, sun sha fama da 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane, masu tsallaka iyakar da Tilho da O'Shee suka shata kamar ba ta nan. Manomin da aka kore wa shanu da dare, ƙofar mai gari yake bugawa da asuba. Na taɓa zama a zauren wani mai gari a yankin nan da hantsi: tabarma ta cika, takalma sun taru a bakin ƙofa, kowa na fara magana da "ranka ya daɗe", shi kuma yana riƙe da waya a hannu ɗaya yana jiran a ɗauka daga gunduma. Ba shi da soja, ba shi da kasafi. Abin da yake da shi kawai, mutanen nan sun yarda cewa in sun faɗa masa, maganar za ta hau.

A nan ne tarihin wancan muƙami na nesa ya shafe mu. Jakada da kumandan da Gwamna Lugard duk sama suke saurare. Abin da ya sa Gwamna Janar na tsarin mulki ya bambanta shi ne an tilasta masa ya saurari ƙasa, aka kuma cire shi daga jam'iyya don kowa ya iya shiga zaurensa. Masarautunmu sun taɓa sanin wani abu mai kama da haka, lokacin da Galadima da Ƙaura da 'Yandaka da Durɓi ke iya ce wa sarki "a sake dubawa".

Kirana ga hukumomin Yamai da na Katsina: ku daina mayar da mai gari da sarkin kanto da hakimi 'yan aiken siyasa, kada sandarsu ta zama ladan zaɓe, kuma in sun kawo kukan ƙauye a amsa musu a rubuce, cikin lokaci, yadda za su koma su faɗa wa mutanensu. Ga malaman tarihi a Madarunfa da Maraɗi da Jibiya kuma, ku nemo irin fatakar nan a adakar tsofaffi, ku kai ta aji, ku bar yara su juya ta a hannu, sannan ku tambaye su wa ke wakiltar ƙauyensu a yau, kuma a gaban wa yake ba da bahasi.